Gashin Kirsimeti da Kyautar Hannu

Gashin Kirsimeti al'ada ce ta iyalan Kirista, musamman a Turai da ƙasashen da Turawa suka yi ƙaura zuwa cikinsu, inda ake gasa burodi mai zaƙi da kek da biskit na musamman a makonnin da ke gaban 25 ga Disamba, domin ci a gida da kuma raba wa dangi da maƙwabta. Tana tafiya tare da al'adar kyautar hannu, wato abin da mai bayarwa ya saƙa ko ya ɗinka ko ya sassaƙa da kansa. Ko da yake ana ɗaukar su a matsayin gadon iyali tun kaka da kakanni, yawancin waɗannan kayan gashi sun fara ne a gidajen 'yan zuhudu da shagunan ƙwararrun masu gashi, kuma ba su zama aikin uwar gida a madafinta ba sai a ƙarni na 19.

Asalin ba da kyauta

Shaida mafi tsufa da ake da ita ta bikin haihuwar Yesu Almasihu a ranar 25 ga Disamba tana nuni ne ga birnin Rum a wajen shekarar 336. Tun kafin wannan lokaci Rumawa suna da bikin Saturnaliya da ke farawa 17 ga Disamba, inda suke musayar kyandir da 'yan gumakan yumɓu. Masana sun saɓa a kan ko daga nan ne kyautar Kirsimeti ta samo tushe. Coci kuwa tana danganta ta da zinariya da lubban da mur waɗanda masana taurari daga gabas suka kawo wa jaririn, kamar yadda ya zo a Linjilar Matiyu.

A tsakiyar zamanai, ranar kyautar yara a yawancin Turai ita ce 6 ga Disamba, ranar Waliyyi Nikolas, bishop na garin Mira da ke ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4. Labari ya nuna cewa ya jefa jakunkunan zinariya cikin dare a gidan wani matalauci da ya rasa kayan auren 'ya'yansa mata uku, kuma da wannan labari ake bayyana dalilin rataye safa ko ajiye takalmi domin a wayi gari an zuba musu goro-goron itatuwa da tuffa da biskit. Bayan gyaran coci na ƙarni na 16, mabiya Martin Luther, waɗanda ba su yarda da girmama waliyyai ba, sun mayar da kyautar zuwa daren 24 ga Disamba, sannu a hankali ƙasashen Katolika da dama suka bi.

Azumi, zuma da kayan yaji

Makonni huɗu da ke gaban Kirsimeti, waɗanda ake kira Adbent, lokacin azumi ne a cocin da, an hana cin nama da man shanu da ƙwai a ranaku da yawa cikinsu. Wannan ne ya tsara irin gashin da aka gada: abin da za a gasa da wuri, ya jure ajiya, a ci shi bayan an sha ruwa daga azumin. Zuma da busassun 'ya'yan itatuwa da kitse duk suna hana abinci lalacewa, kirfa da citta da kanumfari da masoro kuwa kayan masu hali ne da ake kawowa daga Asiya, ba a taɓa su sai a babban biki.

Lebkuchen, biskit mai laushi na zuma da yaji, shi ne misalin da ya fi kowanne cikakken tarihi. An ambaci masu gasa shi a garin Ulm na Jamus a 1296, a Nuremberg, ita ma ta Jamus, kuma a 1395. Nuremberg ta yi fice saboda dalilai biyu: dajin da ke kewaye da ita cike yake da masu kiwon zuma da sarki ya ba izini na musamman, sannan hanyar fataken kayan yaji daga birnin Benis na Italiya ta ratsa ta cikinta. A 1643 masu wannan sana'a suka samu ƙungiyarsu ta kansu a birnin. Ba a sa yis a kwaɓinsa, gishirin toka da gishirin amoniya ne ke tayar da shi, kuma a tsohuwar hanya akan kwaɓa zuma da gari a ajiye makonni ko watanni kafin a gasa. 'Yan zuhudu ne ake cewa sun fara shimfiɗa kwaɓin a kan siririn fefen gari irin na jibin coci don kada ya manne wa tire, har yau kuma haka ake yi. Nau'in da ya fi daraja, Elisenlebkuchen, ƙa'idarsa ita ce kashi 25 cikin 100 aƙalla ya zama almon da danginsa, fulawa kuma kada ta wuce kashi 10. Garin Torun na Polan yana da nasa nau'in mai tsohon suna. Ɗan gidan da ake ginawa da biskit ɗin citta ya yaɗu a Jamus a ƙarni na 19, ana kuma jayayya a kan ko tatsuniyar Hansel da Gretel, mai gidan da aka gina da burodi da kek, wadda 'yan'uwa Grimm suka buga a 1812 ce ta haifar da shi ko ita ce ta ɗauko shi daga masu gashi.

Stollen, dogon burodi mai zabibi da bawon lemo da ake lulluɓewa da farin sukari, tarihinsa ya fi nuna tasirin azumin. An ambace shi a Naumburg a 1329, a Dresden kuma a 1474, a lokacin ba komai ba ne sai gari da ruwa da yis da ɗan man iri. Sarakunan Saksoni, yankin Jamus da Dresden take, suka roƙi Fafaroma ya sassauta dokar azumin, a 1491 kuma Innocent na Takwas ya aiko da takardar da ta halatta man shanu, bisa sharaɗin biyan wani kuɗi da aka sa a ginin cocin Freiberg. Kasuwar Kirsimeti ta Dresden, Striezelmarkt, wadda ta samo sunanta daga Striezel, wani sunan wannan burodi, ta fara ne a 1434. A 1730 sarki Augustus mai laƙabin Ƙaƙƙarfa ya sa aka gasa wani ƙato da aka ce ya kai kusan tan 1.8 domin wani taron sojojinsa. Da an fito da burodin daga tanda sai a shafe shi da narkakken man shanu, a barbaɗe da sukari, a naɗe a ajiye a wuri mai sanyi mako biyu zuwa huɗu kafin a yanka. Ana fassara siffarsa da jariri cikin zanen goyo. Har cikin ƙarni na 20 iyalai da yawa a Saksoni ba su gasa shi a gida: suna auna kayansu su kai wa mai gidan burodi, kowace uwar gida ta soka wa nata 'yar alama mai sunanta don kada ya haɗu da na wata. A zamanin Jamus ta Gabas, da bawon lemo na waje ya yi wuya, masana'antu sun riƙa jiƙa ɗanyen tumatir a sukari a maimakonsa.

Ingila

Fudin na Kirsimeti ba a gasa shi, turara shi ake yi na awa shida zuwa takwas, daga kitsen naman sa da garin burodi da zabibi da ƙwai da yaji. Ya samo asali daga wani kunu mai nama da busassun 'ya'yan itatuwa, siffarsa ta yanzu kuma ta zamanin Sarauniya Biktoriya ce. Ana kwaɓa shi ranar Lahadi ta ƙarshe kafin Adbent, kowa a gidan ya juya kwaɓin sau ɗaya yana fatan wani abu a zuciyarsa, a jefa sisin azurfa a ciki, wanda ya tsinta a rabonsa a ce shekarar tasa ce. Ranar bikin akan zuba masa barasa a kunna wuta kafin a kawo shi tebur. Ƙananan fayi na Kirsimeti, wato kwaɓin fulawa da ake cusa wa haɗi a gasa, su ma da nama ake cika su a da, naman ya riƙa raguwa har ya ɓace, sai kitse da 'ya'yan itatuwa.

Majalisar Ingila ta soke bikin Kirsimeti a 1647, ya dawo da dawowar sarauta a 1660. A Masachusets ta Amurka an hana shi daga 1659 zuwa 1681, da tarar sule biyar. Maganar da ake yawan yi cewa an yi doka ta musamman a kan fayi, masana tarihi ba su yarda da ita ba.

Italiya da Faransa

Panettone, burodi mai zaƙi na birnin Milan, ana tayar da shi da tsamin kwaɓi na kwanaki, a rataye shi kai ƙasa bayan gashi don kada ya zube. Angelo Motta, wanda ya buɗe shagonsa a 1919, shi ya ba shi tsayin da aka san shi da shi. Labaran asalinsa, kamar na wani yaron madafi mai suna Toni, tatsuniya ce. Saboda wahalar aikinsa, yawanci saye ake yi. Kek ɗin Faransa mai siffar gungume ya fito a ƙarni na 19, yana tuna gungumen itace da ake ƙonawa a murhu daren Kirsimeti.

Yadda gashi ya shigo gida

Abubuwa uku ne suka sauya lamarin. Sukari ya yi arha, na rake daga gonakin bayi na Karibiyan da farko, sannan na tushen bit da aka fara sarrafawa a Silesiya a farkon shekarun 1800. Murhun ƙarfe mai tanda a jikinsa ya shiga gidajen masu matsakaicin hali. Sai hodar tayar da kwaɓi, wadda Alfred Bird ya haɗa a Birmingham a 1843, August Oetker kuma ya fara sayarwa a Bielefeld a 1893 cikin 'yan ƙunshi da aka auna daidai da rabin kilo na fulawa, ta yadda wadda ba ta koyi sana'ar ba za ta iya gasa abin da zai tashi. Ƙarafan yanka biskit masu siffar tauraro da zuciya da dabbobi suka maye gurbin sassaƙaƙƙun allunan katako masu tsada da ake buga zane da su a jikin biskit irin su Springerle da Speculaas, aikin ya zama wanda yara za su iya sa hannu a ciki. A Norwe har aka wayi gari ana auna ƙwazon uwar gida da gasa iri bakwai.

Bishiyar Kirsimeti ma da kayan ci aka fara yi mata ado. Wani rubutu daga Strasbourg na 1605 ya ambaci tuffa da fefen gari da kayan zaƙi da furannin takarda. Ta yaɗu a Ingila bayan wata jaridar Landan ta buga hoton iyalin Biktoriya kewaye da tasu a 1848. Johann Hinrich Wichern ya ƙirƙiri zoben kyandir na Adbent a 1839 a gidan marayunsa da ke Hamburg, a kan tsohuwar ƙafar keken doki, domin yara su riƙa ƙirga kwanaki. Gerhard Lang, wanda ya buga kalandar Adbent a wajen 1908, an ce daga mahaifiyarsa ya samo dabarar, ita da ta ɗinka masa biskit 24 a jikin kwali.

Kyautar hannu

Kafin masana'antu, kusan duk kyautar talaka ta hannu ce, don haka ba a ba ta wani suna ba: uba ya sassaƙa doki ko keken wasa, uwa ta ɗinka 'yar tsana da ƙyalle ko ta saƙa safa. A Aisilan a da ana ƙoƙarin gama aikin ulu kafin biki domin kowa ya samu sabuwar tufa, har akwai tatsuniyar ƙaton kyanwa mai cinye wanda bai samu ba. A can ne kuma iyali ke taruwa su yanka zane a jikin wani burodi siriri ƙwarai kafin a soya shi, an ce tsadar hatsi ce ta sa ake murza shi haka. A Suwidin a da mai kyauta yakan ƙwanƙwasa ƙofa ya jefa ƙunshi ya gudu, da 'yar waƙar zolaya a jiki. A Holan, daren 5 ga Disamba, ana yin ƙuri'a a san wanda kowa zai yi wa kyauta, sai a ɓoye ƙaramin abu cikin wata sura da aka ƙera da kwali da takarda, a haɗa da waƙa mai tsokanar halin mai karɓa, ya karanta a gaban kowa.

A ƙarshen ƙarni na 19 kayan kanti suka rinjaya a biranen Amurka da Turai, daga nan ne aka fara ganin kyautar hannu a matsayin zaɓi mai nuna kulawa. Mujallun mata suka cika da tsarin ɗinkin silifa da matashin allura. A 1912 wasu mata a New York, cikinsu har da Eleanor Belmont da Anne Morgan, suka kafa ƙungiyar hana kyautar banza, suna adawa da tilasta wa 'yan mata ma'aikata yin karo-karo don saya wa shugabanninsu kyauta. Yaƙin Duniya na Biyu ya maido da aikin hannu dole: Birtaniya ta fara rabon sukari da man shanu da kati a Janairun 1940, na sukari bai ƙare ba sai 1953, don haka aka riƙa sa karas a fudin, ana warware tsofaffin rigunan sanyi a sake saƙawa, ana ƙera kayan wasa da guntayen katako.

A 1993 masanin tattalin arziki Joel Waldfogel ya ƙiyasta cewa kyautar saye tana asarar kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku na darajarta a idon mai karɓa. Wasu masana sun musanta.

Wasu ƙasashe

A Polan ana karya fefen gari a raba tsakanin 'yan gida kafin jibin 24 ga Disamba, ana yi wa juna addu'a da neman gafara. A Meziko mata da yara sukan kwana naɗa tamale, kwaɓin masara da ake turarawa cikin bawon masara ko ganye, a Filifin ana gasa wainar shinkafa mai suna bibinka a ƙofar coci lokacin sujadar asuba ta kwana tara daga 16 ga Disamba, a tsibiran Karibiyan kuma ana jiƙa zabibi a barasar rake watanni kafin a yi baƙin kek, wanda ya samo asali daga fudin Ingila. A Amurka akwai taron musayar biskit, inda kowa ke gasa iri ɗaya da yawa ya koma gida da iri-iri. Cocin Rasha da na Kibɗawan Masar da na Habasha suna bikinsu ne ranar 7 ga Janairu, bayan azumin kwana 40 ko fiye.