Ƙananan gaɓoɓin ɗakin gwaji ba na dashe ba ne tukuna

Ana ta yaɗa cewa masana sun fara rainon ƙoda da hanta a ɗakin gwaji, har wasu masu ciwon ƙoda suna tunanin dakatar da wankin ƙoda su jira a dasa musu. Don Allah kada kowa ya dakatar. Abin da ake rainon, wanda masana ke kira oganoid, ɗan dunƙulen ƙwayoyin halitta ne da galibi bai wuce milimita kaɗan ba.

A 2009, a birnin Utrecht na ƙasar Holan, masana Toshiro Sato da Hans Clevers suka ɗebo ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin halittar da ke haifar da sauran ire-iren ƙwayoyi, daga hanjin ɓera, suka raine su har suka zama ɗan mitsitsin hanji mai lunguna irin na gaske. Sirrin yana cikin abin da ake ciyar da su. Ana saka su cikin wani abu mai danƙo, Matrigel, da ake samowa daga ƙarin da ke fita a jikin ɓera. Sai a zuba sinadarai uku: EGF don su yawaita, da R-spondin mai riƙe ƙwayoyin asali da ƙarfinsu, da Noggin mai hana su rikiɗa kafin lokaci. A ajiye su a zafin jikin mutum, digiri 37. Idan aka sauya irin ƙwayoyin asalin da haɗin sinadaran, ana iya samun samfurin wata gaɓar. A 2013 Madeline Lancaster ta raini samfurin ƙwaƙwalwa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya.

Amfaninsu babba ne. A 2016 irin waɗannan samfuran suka taimaka wajen nuna yadda ƙwayar cutar Zika ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan tayi, a haifi jariri da ƙaramin kai. Ana kuma gwada magani a kansu kafin ya kai ga majiyyaci.

Amma ba su da jijiyoyin jini da ke aiki, shi ya sa da sun girma tsakiyarsu ke mutuwa. Ba za su iya tace jinin mutum ba. Sinadaran kuwa na bincike ne kaɗai, ba a yi su don allura ba. Duk wanda ya tallata muku su a matsayin waraka, ku guje shi, ku kuma faɗa wa likitanku.

Idan aka nemi ɗan naman da aka cire muku a tiyata don bincike, ku tambayi me za a yi da shi da kuma yadda za a ɓoye sunanku. Kuna da 'yancin ƙi, kuma ƙin ba zai taɓa kulawar da ake ba ku ba.