Mallakar kamfani ba ta hana ɗan kwangila tallafin rashin aiki a Birtaniya

An daɗe ana cewa a Birtaniya, duk ɗan kwangilar da ya yi rajistar kamfaninsa ba shi da rabo a tallafin marasa aiki idan kwangila ta ƙare. Ba haka dokar take ba, kuma abin takaici ne yadda wasu ke haƙura da haƙƙinsu saboda wannan magana.

A tallafin New Style JSA, wato kuɗin da gwamnati ke biyan masu neman aiki, abin da ake dubawa shi ne kuɗin inshorar ƙasa na rukuni na 1 da aka biya ta albashinka a shekarun haraji biyu na baya, sannan kada aikinka ya kai awa 16 a mako. Ana biya har kwana 182. A nan ne da yawa ke tuntuɓe: mai kamfani kan yanka wa kansa ɗan albashi kaɗan, ya kwashi sauran a matsayin ribar hannun jari, ita kuwa ba a cire mata inshora. In albashin ya yi ƙasa sosai, shekarar ba ta shiga lissafi.

Universal Credit kuma, wani tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi da marasa aiki, kuɗin shiga da dukiya yake dubawa. Ajiyar da ta haura fam 16,000 tana rufe ƙofa, kuma ana iya lissafa kuɗin da ke kwance a asusun kamfanin a matsayin naka.