Waiwaye: Daga Masaƙun Kakuri Zuwa Rigimar Kashi Biyar

Tun da wa'adin shekara biyar ya cika a watan Janairun 2024, maganar ma'aikata masu buƙata ta musamman ba ta kwanta ba a Kaduna. Wa'adin nan shi ne wanda dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta bayar domin a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, yadda mai keken guragu da mai sanda za su shiga su fita ba sai an ciccibe su ba. Dokar ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su yi bakin ƙoƙarinsu a samu aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu daga cikin nakasassu. To yanzu a rediyo, da Facebook, da majalisun bakin titi, tambayar da ake ta jefawa ita ce ina 'yan ƙwadago? Sun iya garƙame ƙofar ofis a kan mafi ƙarancin albashi har aka kai naira 70,000 a 2024, me ya hana su ɗaga murya a kan matakalar da ta hana ɗan'uwansu hawa bene? Masu kare su kuma suna cewa abin sabo ne, jiya-jiya dokar ta zo, a yi musu uzuri.

Ni dai ban yarda sabo ba ne. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda ya tashi a kudancin gadar Kaduna ya san ma'aikaci mai nakasa ya girmi wannan dokar da shekaru masu yawa.

Farkon labarin kowa ya san shi, ba sai an tsaya ba. Turawa sun kafa dokar biyan diyyar ma'aikaci a 1941. An yi babban yajin aiki na 1945 wanda Michael Imoudu ya yi suna a cikinsa. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri zamanin Sardauna, sai masaƙun Nortex, da Arewa Textiles, da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, mutane suka yi ta kwararowa daga kowace kusurwa suna kama ɗaki a Makera da Kurmin Gwari da Nasarawa. A 1978 aka sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago zuwa 42 a ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ana cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya shiga hannu, ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa kuwa a nan Kaduna ta kafa hedikwatarta. Wannan ƙarfi ne na gaske, har ya zamana kowane sashe na masaƙa yana da wakilinsa, mutumin da ke tsaye a bakin inji kamar kowa, amma in rigima ta tashi shi ne ke shiga ofishin manaja.

Masaƙa kuwa wuri ne mai cin jikin mutum a hankali, wani lokacin kuma farat ɗaya. A ɗakin saƙa ƙarar injuna ba ta barin ka ji na kusa da kai, sai nuni da hannu da karanta leɓe, shi ya sa tsofaffin masaƙa da yawa in kana magana da su sai sun karkato da kunne. Ƙurar auduga tana taruwa a huhu, ta bar mutum da tari da haki. Bel yana fizgar hannu, sinadarin rini yana cin fata da ido. Kenan tun ranar da aka kunna injin farko, wakilin ma'aikata a Kakuri yake tare da mutanen da aiki ya nakasa. Tsofaffi suna ba da labarin yadda ake yi a shekarun da kasuwa ke ci: in mutum ya warke amma hannun bai koma daidai ba, wakili zai bi mai kula da sashe da lallami, a mayar da shi sito, ko ƙofa, ko wurin ƙirga dilolin yadi. Aikin sauƙi suke ce masa. Alfarma ce ta fatar baki tsakanin mutanen da suka san juna, kuma muddin ana neman ma'aikata, alfarmar tana tafiya.

Inda nake so a tsaya a duba da kyau shi ne shekarar 1987, wadda ba kasafai ake ambatonta a wannan muhawarar ba.

A shekarar ne aka fito da sabuwar dokar diyyar ma'aikata, ta maye gurbin ta zamanin Turawa. Lokacin duniya ta riga ta fara canza tunani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 a matsayin shekarar nakasassu, a 1983 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 159, wadda jigonta shi ne a taimaki nakasasshe ya samu aiki, ya riƙe shi, ya kuma ci gaba a cikinsa. Damar ɗinke wannan tunani a cikin dokarmu ta zo, amma abin da aka samu tsohon zane ne aka sake wa rini. Dokar ta tsaya a kan kuɗi, kuma biya ɗaya. Wanda ya mutu a bakin aiki, iyalinsa su karɓi albashin wata 42. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har ba zai sake aiki ba, albashin wata 54. Wanda ya rasa wata gaɓa kuma, akwai jadawali a ƙarshen dokar da ya yanka wa kowace gaɓa kasonta: hannu kaza cikin ɗari, ido kaza, babban yatsa kaza, ƙaramin yatsa kaza. A ɗauki kason a buga da wancan wata 54 ɗin, abin da ya fito shi ne naka. Batun a koya wa mutum wata sana'ar, ko a gyara masa wurin aiki, ko a ajiye masa gurbinsa, dokar ba ta ɗora wa kowa ba.

A lissafa wata 54, shekara huɗu da rabi ke nan. Mutumin da ya nakasa yana ɗan shekara talatin, da wannan zai ƙarasa rayuwarsa. Ga shi an zo daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnati ta kawo a 1986 ya sa naira ta fara gangara: kuɗin da kafin nan yake kafaɗa da kafaɗa da dala ya koma wajen naira 4 a kan dala ɗaya a 1987, ya kai wajen 22 a 1993. Diyyar da aka ƙirga da albashin bara, kafin ta shigo hannu ta riga ta zube.

Kawuna yana cikin waɗanda abin ya faɗa wa. A wata masaƙa yake aikin dare, wajen ƙarshen shekarun 1980, bel ya kama masa hannun dama ya tafi da yatsu uku. Ina yaro lokacin, amma ban manta da wakilin sashensu ba, wani dogon mutum mai biro biyu a aljihu, da ya zo asibiti da takarda a naɗe. Bayan gaisuwa da jaje, ya zauna a bakin gado ya buɗe jadawalin nan a kan gwiwarsa, yana bin layi da yatsa yana lissafi a bayan ambulan. Mutumin nan ya yi wa Kawu tsayuwar daka, ba zan ci amanarsa ba. Ya yi ta safa da marwa har sai da aka sake duba hannun aka ɗaga kason da aka fara rubutawa, ranar da kuɗin suka fito kuwa har gida ya rako shi. Kawu ya rufa ɗaki ɗaya da kwano, ya saya wa matarsa keken ɗinki, ya biya bashin kantin unguwa. Bai cika shekara da komawa ba aka liƙa sunayen waɗanda za a rage, nasa yana ciki.

Su biyun suna nan da ransu, kusan kullum da la'asar suna kan benci ɗaya a Makera. Na taɓa tambayar tsohon wakilin, na ce, "Baba, ya aka yi ba ku nema wa Kawu aikin sito ba kamar yadda aka yi wa na gabansa?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, a lokacin masu yatsu goma ma sallamarsu ake yi. Abin da ke rubuce shi muke iya kamawa. Kuɗin yana cikin takarda, kujerar ba ta ciki."

Wannan amsar ta fi mini dogon bayani. Ba mugunta ba ce, ba kuma lalaci ba. Wakilin ƙwadago da abin da doka da yarjejeniya suka miƙa masa yake faɗa, kuma abin da aka miƙa masa a 1987 ma'aunin farashin gaɓoɓi ne. Da aiki ya yi ƙaranci, alfarmar baka ita ta fara mutuwa, tunda babu inda aka sa mata hannu. Teburin sulhu ya cika da maganar albashi, kuɗin haya, kuɗin mota, da kuɗin sallama, ta kai ake yi ba ta kaya ba. Haka wakilai suka ƙware a tambaya guda, nawa za a biya shi, ɗaya tambayar kuma, a ina zai zauna ranar Litinin, ta fita daga bakin kowa. Dokar nan ta yi shekara 23 tana aiki. Duk wanda ya koyi wakilci a tsawon wannan lokaci, da wannan karatun ya tashi, shi ya kuma koya wa na bayansa.

Akwai wani ɓangaren da ya ƙara nisanta abin. Ƙungiya mambobinta take karewa, mamba kuwa sai wanda ya riga ya shiga ƙofa. Wanda shan-inna ta kama tun yana goye, ko aka haife shi kurma, ko makanta ta same shi da ƙuruciya, tun a wajen gwajin lafiyar ɗaukar aiki yake tsayawa, ba ya kaiwa ga katin ƙungiya. Mu kuma a al'adarmu mun riga mun yi musu nasu tsarin daban, da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, tsarin da ya ginu a kan sadaka da zumunci, ba a kan albashi ba. Shi ya sa ko a 2015 da 2016, da garin nan ya ɗauki zafi a kan hana bara, bakin kowa yana kan mabaratan Kano Road ne da na shataletale, ba a cika jin wanda ya kawo zancen ofis ko masana'anta ba. Nakasasshe a tunaninmu ko mai karɓar sadaka ne ko mai karɓar diyya. Abokin aiki da za a gyara wa tebur ya ci gaba da aikinsa bai samu gurbi a cikin wannan tunanin ba.

Sauran labarin gajere ne. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, wakilan sashe suka watse, wasu acaba, wasu gona, wasu suka koma garuruwansu. Sai a 2010 abubuwa suka zo a jere: Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda sashenta na 27 ya ambaci wanda ya nakasa a bakin aiki, ya kuma ambaci 'yancinsa na shiga harkar ƙungiyar ƙwadago daidai da kowa. A ƙarshen shekarar aka soke dokar 1987 aka kawo sabuwa. A wannan, mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa wata-wata, kurumtar da ƙarar inji ta jawo ta shiga lissafi, an kuma yi tanadin taimaka wa mutum ya koma bakin aiki. Doka ce mai kyau, sai dai ga mutanen Kakuri ihu ne bayan hari. Ta zo ta tarar da yawancin matasa suna aikin wucin gadi ta hannun 'yan kwangila, inda babu reshen ƙungiya balle wakili, alhali dokar tana son ma'aikaci ya sanar da raunin da ya ji cikin kwana 14, mai aikin kuma ya kai rahoto cikin kwana 7. In babu wanda ya san wannan a kusa da kai ranar da abin ya faru, kwanakin wucewa suke yi kana kwance. Bayan dokar 2019 an kafa hukumar nakasassu ta ƙasa a 2020, Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021.

Takardu dai yanzu sun samu. Dokar 2019 har tara ta yanka wa kamfanin da ya tauye wa nakasasshe haƙƙin aiki. Amma hukumar da ke Abuja ko cikin gari ba ita za ta san cewa banɗakin wani ofis yana da tudu uku a ƙofa ba, ko cewa kurman da ke sashen kuɗi yana zama a taron ma'aikata awa biyu ba mai yi masa maganar hannu, ko cewa tun da aka cire tallafin mai a 2023 mai keken guragu, da ba ya iya cusa kansa a bas, shatar Keke Napep yake yi zuwa da dawowa daga albashin da bai fi na kowa ba. Wanda zai san waɗannan shi ne na kusa, mai sa hannu a rajista ɗaya da shi kowace safiya, wato wakili.

Akwai wata maƙwabciyarmu malamar makaranta da ke tafiya da sanduna biyu. A farkon zangon bara aka ba ta aji a saman bene. Ta yi sati uku tana hawa tana hutawa a tsakiyar matakala, ɗalibai na riƙe mata jaka, kafin wakilin malaman makarantar ya lura. Ya samu shugabar makarantar a ofis, ya ce, "Hajiya, a duba lamarin Malama mana, a yi mata musanya da ajin ƙasa." Hajiya mutuniyar kirki ce, a ranar aka yi. Da Malama ta ba ni labari tana ta sa musu albarka, sai na tambaye ta ko an rubuta wannan a wani wuri, ko a littafin taron ƙungiya ne. Ta ce a'a, magana ce kawai suka yi a tsaye. Hajiyar kuwa saura mata zango biyu ta yi ritaya.