Jirgin ƙasa da kuɗin tikiti: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, duk majalisar da na zauna a Sakkwato sai an tare ni da maganar jirgin ƙasa, don an san na daɗe ina harkar lodin kaya zuwa kudu. Ga amsoshin wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Akwai dogo a Sakkwato?

Babu, kuma ba a taɓa yi ba. Wanda Turawa suka ja daga Zariya ya bi Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, domin kwasar gyaɗa da auduga. Can ya tsaya har yau.

An ce layin Kano zuwa Maraɗi zai biyo ta nan.

Wa ya ce? Hanyarsa ita ce Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, sai Maraɗi. Don Allah ku daina yaɗa abin da ba ku bincika ba.

Me zai hana gwamnati ta rage kuɗin tikiti kawai?

Tana iya yi. A ƙarshen Disambar 2023 ma an ɗauki fasinja kyauta na kwanakin bukukuwa. Amma dizal ba kyauta ba ne, haka gyaran taragu da albashin ma'aikata, ga bashi: layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 an gina shi da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na China. Jamus ta sayar da tikitin jirgi na wata guda a yuro 9 har tsawon wata uku a 2022, ya koma yuro 49 a 2023, ya kai 58 a 2025, kuma daga baitulmali ake cike giɓin. Ragin da zai ɗore yana zuwa ne idan jirgi ya yawaita sawu, ya cika, aka toshe kafar masu saye tikiti su ɓoye su ninka kuɗi, sannan aka samu dakon kaya. Siminti da hatsi da shanu su ne ke ɗaukar nauyin dogo, fasinja ya samu sauƙi a bayansu.

To wane gyara ake magana a kai?

Dokar 1955 ce ta kafa hukumar jiragen ƙasa ta NRC, ta damƙa mata komai: ita ke da dogo, ita ke tuƙa jirgi, ita ke sa wa kanta ido. Wannan ya kamata a raba. A Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi ma suka samu ikon shiga harkar dogo. Saboda haka mu daina cewa "ai na tarayya ne" mu naɗe hannu. Sakkwato da Kebbi da Zamfara suna da bakin magana yanzu.

Malam, albasa nake kaiwa Legas. In kai ta Ƙaura Namoda ko Zariya a sa a jirgi, zai fi min sauƙi?

Alhaji, ka zauna mu yi lissafi, don wannan ba ta da amsa guda. A ƙa'ida, dakon buhu a jirgi ya fi tirela arha idan tafiya ta yi nisa. Amma kai ba a bakin tasha kake ba. Daga Sakkwato zuwa Gusau kaɗai ya haura kilomita 200, sai ka biya mota, ka biya 'yan dako su sauke, su sake lodawa a tarago, a Legas ma a sake saukewa a ɗora wa wata motar zuwa kasuwa. Duk saukewa buhu na shan wahala. Kuma albasa ba gero ba ce, ba ta jira. Na taɓa tsayawa kan kayana da mota ta lalace da su a hanya, kwana huɗu cikin zafi. Da aka ɗaga tamfol ruwa ke ɗiga daga buhunan ƙasa, wari ya cika wurin, na ga uwar kuɗina tana zuba. Tarago da aka ajiye a tasha yana jiran kan jirgi zai iya yi maka irin wannan.

Akwai kuma maganar faɗin dogo. Tsohon layin Ƙaura ƙarami ne, milimita 1,067, sabbin layuka kuwa 1,435 ne, taragon wannan ba ya hawa wancan. Saboda haka kafin ka ɗaga buhu ɗaya, ka je tashar da ƙafarka, ka tambayi ranar tashin jirgin kaya da ranar isarsa, a rubuta maka, ka kuma ji wa zai biya idan kaya suka lalace. In wake ne ko gero ko busasshen tattasai, kuma kun haɗu ku da yawa kun cika tarago, yana iya yi maka riba. In ɗanyar albasa ce kuma babu tabbacin rana, ni dai ba zan ba ka shawara ba tukuna.

Ba a kai hari a jirgi?

An kai. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare na Abuja zuwa Kaduna, aka kashe mutane aka sace wasu, bai dawo aiki ba sai Disamba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma kwantar da hankalinki, Hajiya, wannan ba dalilin fasa neman dogo ba ne. Dalili ne na a sa kuɗin tsaro cikin lissafi tun farko, musamman layin da zai ratsa Zamfara.

A sayar wa 'yan kasuwa mana a huta.

Birtaniya ta yi haka a shekarun 1990, ga shi ta yi doka a 2024 tana karɓe jiragen fasinja daga hannunsu. A bar dogo hannun hukuma, a bai wa masu kuɗi damar sa taragunsu su biya haya.

Yaushe zai iso Sakkwato?

Kada alkawarin lokacin zaɓe ya ruɗe ku. Ku nemi layin a cikin kasafin kuɗi da sunansa, ku tambayi sanatocinmu uku nawa aka ware masa, sannan ku jira ranar da za a fara biyan diyyar gonaki tsakanin Gusau da Talata Mafara.