Naira 10 nan, naira 50 can: wane caji ne doka ta yarda banki ya cire maka?

Duk wanda ke da asusu a Najeriya ya san wannan alat ɗin da ke shigowa ƙarshen wata, an cire 50, an cire 26 da 'yan kwabbai, kai dai sai ka yi tsaki ka maida waya aljihu. To su can banki ba tsaki suke yi ba. Bayan ruwan da suke samu a bashi, akwai layi guda a rahotonsu na shekara na kuɗin caji da kamasho, kuma sashen da ke kula da irinmu ƙananan kwastomomi yana bin wannan layin wata-wata, nawa tiransifa ta kawo, nawa kati ya kawo, ya ƙaru ko ya ragu. Lissafa da kanka, a ce banki na da masu kati miliyan 10, kowa ya biya naira 50 sau huɗu a shekara, biliyan 2 kenan fa ba a ba kowa bashin sisi ba.

Shi ya sa Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sa musu linzami, kundin caje-cajen da ya fara aiki 1 ga Janairun 2020. A kundin na 2020, tiransifa ta waya ko intanet in ba ta wuce 5,000 ba an sa mata naira 10, daga nan zuwa 50,000 naira 25, abin da ya haura kuma 50. 'Yan kwabban da kake gani a kai harajin VAT ne na kashi 7.5. Kundin ya sa kuɗin kula da kati 50 duk wata uku, kuma a kan masu asusun sebin kawai. Mai karant akawun shi nasa daban, kundin ya yarda a cire masa abin da bai wuce naira 1 ba a kan kowace 1,000 da ya fitar, nan ne 'yan kasuwa ke jin jiki don wanda ya juya miliyan 20 a wata zai iya biyan 20,000. Saboda haka in asusunka sebin ne ka ga an cire maka irin wannan, ko karant ne aka cire na kula da kati, akwai magana.

Na ATM ne ya canza daga 1 ga Maris 2025. Injin bankinka kyauta ne. Na wani banki a harabarsu naira 100 duk 20,000, in kuma a waje yake kamar kanti ko filin jirgi za a iya ƙara har 500 a kai. Cire kuɗi sau uku kyauta a wata da muka saba da shi, ya tafi.

Sai naira 50 ɗin nan ta tiransifar 10,000 zuwa sama da mutane ke ta zagin banki a kai, gaskiya wannan ba tasu ba ce, haraji ne suke karɓar wa gwamnati.

In ka ga cajin da bai shiga ko ɗaya ba, nemi sitetimen, ka kai ƙorafi bankin a rubuce kuma kar ka fito sai sun ba ka lambar ƙorafi. Suka yi biris, sai sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN. Kundin ya sa tarar naira miliyan 2 kan kowane saɓawa.