Wai mene ne "homon" ɗin nan da ake ta faɗa?

Kwanan nan ba ka kunna rediyo ba ka ji mai tallar magani ya ce homon ba, haihuwa ta yi jinkiri homon ne, ƙuraje sun fito homon ne, har an mai da shi sunan wata cuta da ake sha wa jiƙo ta fita. Abin na ba ni haushi wallahi. Homon fa ɗan aike ne kawai, wani sashen jiki ya haɗa shi ya tura wa wani sashen. Wani masani ɗan Ingila, Ernest Starling, shi ya fito da kalmar a 1905, daga Girkanci, ma'ana abin da ke zaburarwa.

Kuma geron gonarka ma yana da nasa. In ruwa ya ɗauke ƙasa ta bushe, shuka kan ƙara haɗa wani homon da ake ce wa abscisic acid, a taƙaice ABA. A jikin ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga ta nan ruwa ke ficewa, kowace ƙofa ƙwayoyin halitta biyu ke gadinta. To ga inda abin ke burge ni, ABA ba shi ke rufe ƙofar da hannunsa ba. A cikin masu gadin akwai wani furotin, wato sinadari mai aiki a cikin ƙwayar halitta, mai suna SnRK2 da ke ba da umarnin a rufe, amma kullum wani mai suna PP2C na danne da shi ba ya ko motsi. ABA na isowa sai ya faɗa aljihun furotin na uku, wato PYR1 da danginsa, aljihun ya rufe kansa, su haɗu su cafke PP2C. An riƙe mai riƙo kenan, SnRK2 ya samu sake ya buɗe hanya gishirin da ke cikin masu gadin ya fita, ruwa ya bi shi, su saki jiki, ƙofa ta rufe ruf. Shukar da aka cire wa wannan aljihun kuwa ko ka yi mata wanka da ABA da ƙyar take jin saƙon, kuma sai 2009 ma aka gano PYR1 ɗin.

Sunan ABA ɗin kansa kuskure ne. A 1963 aka tace shi daga 'ya'yan auduga a Kalifoniya, aka zaci shi ke sa su zubewa, aka raɗa masa suna mai nufin kakkaɓewa. Daga baya aka gane yawanci aikin etilin ne wannan, iskar nan da ke nunar da ayaba, amma ina, suna ya riga ya bi shi.