Auduga a kunnen jariri ba ta hana ciwo a jirgin sama

Iyaye da yawa suna cusa wa jariri auduga a kunne, wai kada iska ta fasa masa dodon kunne. Wahalar banza ce. Iskar da ke bayan dodon kunne ce take kasa daidaita da matsin iskar jirgi, kuma siririyar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro ce ke daidaita su. Haɗiya ke buɗe ta.

Saukowa ta fi tashi zafi. Jirgi kan fara gangarowa kimanin minti 30 kafin ya sauka, to a lokacin za a ba shi nono, don haka kada a ƙosar da shi tun da wuri. Mura kan toshe hanyar nan, in yana yi a ga likita kafin tafiya.